Tafiya Tsohuwar Bussa

Akwai wani malamin makaranta a Kwantagora, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koya wa yara labarin ƙasa, sa'an nan ya ajiye aiki ya koma gida ya zauna. Yana da aminai biyu. Ɗaya tela ne, ana ce masa Alhaji domin ya sauke farali. Ɗayan kuwa tsohon direban babbar mota ne, abokansa suna yi masa ba'a suna kiransa Sarkin Tuƙi. Kullum bayan la'asar su ukun sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Alhaji, su yi ta taɗi har a kira magariba.

Ran nan taɗi ya kai su ga zancen garin haihuwa. Alhaji ya yabi nasu, direba ya yabi nasu, amma Malam bai ce uffan ba. Sai direba ya dube shi ya ce, "Malam, kai daga sama ka faɗo ne? Shekara nawa muna tare, ba mu taɓa jin ka ce za ka gida ba."

Malam ya ce, "Ni garinmu ba a zuwansa da mota. A ƙarƙashin ruwa yake."

Suka bushe da dariya, suna tsammani wasa yake yi. Kashegari sai ga Malam da taswira biyu, tsohuwa da sabuwa, ya shimfiɗa su bisa tabarma. A tsohuwar, kogin Kwara siriri ne kamar zare, ga kuma ɗan ɗigo a gefensa an rubuta Bussa. A sabuwar kuwa babu ɗigon nan, sai wani ƙaton tafki da aka shafe da shuɗi.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1964, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka fara gina wata ƙatuwar madatsa a Kainji, domin a tare ruwan Kwara a sami wutar lantarki. Aka yi shekara huɗu ana aiki. A 1968 aka datse kogin. Ruwa ya rasa hanya, ya taru ya yi ta hauhawa, har ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, faɗinsa kuwa a wani wuri ya wuce kilomita 20. Ya cinye gonaki da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, ya cinye birnin Bussa kansa, inda Sarkin Borgu yake zaune. Mutum fiye da 40,000 aka tasa, gwamnati ta gina musu sababbin gidaje a kan tudu.

Malam yana cikinsu, yana yaro ɗan shekara tara. Ubansa Basarke ne, watau masunci, asalinsa daga ƙasar Kabi, ya biyo kogi da kwalekwalensa har ya zauna a Bussa. Uwarsa kuwa ta rasu saura shekara guda a tashi, aka rufe ta a maƙabartar garin. Ranar da manyan motoci suka zo kwasar kaya, yaron ya tambayi ubansa, "Baba, Inna fa?" Uban ya ce, "Kabari ba ya shiga mota, ɗana. Hau mu tafi."

Da Malam ya kawo nan sai ya yi shiru. Abokansa ma suka yi shiru, kunyar dariyar jiya ta kama su. Can sai Alhaji ya ce, "Ashe fiye da shekara hamsin ke nan ba ka tsaya a kanta ka yi mata addu'a ba?"

Malam ya ce, "Addu'a daga ko'ina tana isa. Amma dai raina yana so in ga wurin kafin in mutu."

Direba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "To, ga mota, ga Sarkin Tuƙi. Ku dai ku haɗa kuɗin mai."

Suka sa rana a ƙarshen bazara, gama Malam ya san a lokacin nan ne ruwan tafkin yake ja da baya, yana kuma fatan ko wani abu na tsohon garin zai fito fili.

Yawuri suka fara nufa, domin nan ne gida na uku da Malam ya zauna yana yaro. Suka tashi da asuba, suka isa Yelwa da hantsi, suka zarce bakin ruwa. Kai, jama'a! Jiragen ruwa sun yi sahu, waɗansu ana sauke buhunan albasa, waɗansu ana lodin shinkafa da itace. Mata sun baza kifi a faranti, ga tarwaɗa, ga ƙurungu, ga karfasa, ga kuma wani giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauko shi. Alhaji bai taɓa ganin kifi kamarsa ba, ya tsaya ya saki baki, har mai kifin ta ce, "Alhaji, in saye ne taya, in kallo ne matsa wa masu saye." Direba ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Mutanen da suka fi kowa sanin albasa a ƙasar nan su ne Gungawa. Gungu shi ne tsibiri, saboda haka Gungawa ke nan mutanen tsibirai. Dā can a tsakiyar kogi suke zaune, suna noman albasa a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ruwa ya bari, suna kamun kifi. Da tafki ya cika, yawancin tsibiran nan suka nutse, aka maido da mutanen bakin gaɓa.

Malam ya nemi gidan da suka yi haya a Yelwa, ya same shi ya zama shagon sayar da siminti. Ya tambayi mai shagon labarin ubansa, yaron bai taɓa jin sunan ba. Ya tambayi mutum uku, duk haka. Har ya fid da rai, sai wata tsohuwa mai suyar kifi a gindin bango ta ɗaga kai ta ce, "Basarken nan dogo, mai ɗinkin taru a ƙofar gida? Kai ne yaron da ke kai masa fura?" Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Ni ne, Iya." Ta ce, "Oh, duniya! Har ka yi furfura." Ta ƙunsa masa kifi a takarda, ya yi ya yi ta karɓi kuɗi, ta ƙi.

Da yamma suka zauna a bakin gaɓa suna cin kifin, sai halin malanta ya motsa wa Malam, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Ya nuna musu Kwara tana tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ta ratsa Mali ta kusa da Tambutu, ta karyo ta bi ta Yamai, ta shigo Nijeriya, ta wuce Yawuri da Jebba, ta gamu da Binuwai a Lokoja, kāna ta faɗa teku. Tafiyar ta fi kilomita 4,000. Ya ce kuma sau biyu kogin yake cika a shekara. Da damina ruwan saman da aka yi a nan kusa yakan kwaso laka ya shigo da ita, kogi ya yi fari kamar kunu, shi ne masunta ke kira farin ruwa. Da hunturu kuma, sa'ad da ba a ko ɗigon ruwan sama, sai kogi ya sake cika. Wannan ruwan daminar Gini ne, ya yi wata da watanni a hanya, ya tsaya a fadamun Mali ya zubar da lakarsa, ya iso nan garau. Shi ne baƙin ruwa.

Direba ya ce, "Ashe shi ma ruwa yakan yi lattin hanya kamar motar kaya."

Kashegari suka bi ta gabashin tafkin suka yi kudu. Hanya ba ta da kyau, taya ta fashe sau ɗaya, amma ba a yi azahar ba sai ga su a Kainji.

Madatsar nan abin kallo ce. Tsakiyarta bangon kankare ne mai tsawon wajen mita 65, watau kamar a ɗora giginya uku bisa kan juna, sa'an nan ga tudun ƙasa da duwatsu ya miƙe dama da hagu. In mutum ya tsaya a kai, a hannu ɗaya ga ruwa shimfiɗe har iyakar ganinsa, a ɗaya hannun kuwa ga kogi can ƙasa yana tafasa yana kumfa. Ruwan tafki yakan bi ta cikin waɗansu manyan bututu ya gangara da ƙarfi, ya bugi fukafukan injuna ya juya su. Juyawar nan ita ke haifar da wutar lantarki, wayoyi su ɗauke ta su kai garuruwa. An yi wa injuna 12 gurbi, aka fara da huɗu, daga baya aka ƙara. Janar Yakubu Gowon ne ya buɗe wurin a farkon 1969, bayan haka har Yamai ta ƙasar Nijar aka ja waya.

Alhaji ya daɗe yana duban wayoyin nan, kāna ya ce, "Malam, watau keken ɗinkina na lantarki da ruwan da ya ci garinku yake aiki?"

Malam ya ce, "Da shi ne, in an kawo wutar."

Lalle aikin ya yi amfani, ba mai musun wannan. Asibitoci da masana'antu da makarantu sun sami haske. Sai dai mai kunna fitila a birni ba safai yakan tuna da wanda ya bar gonarsa da kaburburan iyayensa domin fitilar nan ta kama ba.

Suka haye zuwa Sabuwar Bussa suka kwana. Gari ne mai faffaɗan tituna, an shata shi da ma'auni kafin a gina. Malam bai sha wuyar gane gidansu ba, ko da yake dā gidajen duk kamarsu ɗaya, na siminti ne masu lanƙwasasshen rufi, har yara sukan ɓata su faɗa gidan maƙwabta. Ya yi sallama, maigidan ya fito, da ya ji abin da ke tafe da su sai ya shigar da su har tsakar gida. Malam ya ga ɗakin da yake kwana, ya yi mamakin ƙanƙantarsa, gama a zuciyarsa ɗakin nan babba ne. Shekara biyu kaɗai suka yi a gidan. Ubansa bai ji daɗinsa ba, domin da rana ɗakunan zafi gare su, kuma sabon garin ba a bakin ruwa yake ba. Masunci kuwa in ya buɗe ƙofa da safe bai ga kogi ba, ai kamar manomi ne da aka raba da fartanya. Shi ya sa ya kwashe iyalinsa ya koma Yawuri.

Maigidan nan shi ya kwatanta musu wani tsoho a wani ƙauyen masunta, ya ce in akwai wanda ya san inda tsohon garin yake, to, shi ne. Da sassafe suka tafi, suka tarad da tsohon yana zaune a inuwa yana gyaran koma. Shi ma a tsohuwar Bussa aka haife shi, yana saurayi aka tashi. Malam ya gaishe shi ya faɗi bukatarsa. Tsoho ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Zan kai ku, Malam, amma da sharaɗi biyu. Kowa ya sa rigar ruwa, kuma in na ce a juyo, a juyo, ko kuna tsakiyar magana."

Direba ya ce, "Haba Baba, ni da na yi shekara talatin a kan titi?"

Tsoho ya ce, "Titi yana da gefe. Wannan ba shi da shi."

Gaskiya tsoho ya faɗa. A farkon damina hadari yakan taso wa tafkin nan ba zato, igiyar ruwa ta yi tsawon mutum. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, suna nan tsaye a ɓoye suna jiran cikin jirgi. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika maƙil da mutane ya nutse kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta. Da direba ya ji haka bai ƙara gardama ba, ya sa rigar ya ɗaure ta tam.

Jikan tsohon ya ta da inji, suka yi arewa. Da fari suna bin gaɓa, suna ganin inda ruwa ya janye ya bar ƙasa baƙa, manoma sun bi ta sun shuka. Ga balbelu fari fat bisa busassun itatuwa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga garken shanun Fulani sun gangaro shan ruwa. Jim kaɗan gaɓa ta yi nisa, ta koma kamar zanen alli. Alhaji ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, bakinsa yana motsi, ba ya ko duban ruwan.

Suna cikin tafiya tsoho ya nuna wani wuri da haɓa, ya ce dā can duwatsu ne a nan, ruwa yana ratsa su da gudu yana ruri, har daga cikin gari ana jin ƙararsa da dare. Malam ya ce wa abokansa a duwatsun nan ne Mungo Park ya halaka. Shi likita ne daga ƙasar Birtaniya, ya zo neman sanin inda Kwara ta nufa, ya biyo ta cikin jirgi tun daga ƙasar Mali, ya iso Bussa a 1806, nan jirginsa ya maƙale, ruwa ya ci shi da mutanensa. Sai a 1830 waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka tashi daga Bussa cikin kwalekwale suka bi kogin har teku.

Tsoho ya ce, "An ce wai shi ya gano kogin."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Haka tsofaffin littattafai suka ce, Baba. Ni dai nakan gaya wa yara, ya zo ya tarad da kakanninku suna wanka a ciki."

Yanzu duwatsun suna can ƙasa, ruwa ya kwanta a kansu lumui, ba ruri ba kumfa.

Da suka ƙara gaba tsoho ya ɗaga hannu, yaro ya rage inji. Tsoho ya dubi wani tudu a yamma, ya waiwaya ya dubi wani a gabas, ya ce a matsa kaɗan, a ƙara kaɗan, sa'an nan ya ce a kashe. Jirgi ya tsaya yana lilo. Malam ya duba gabas da yamma, kudu da arewa. Ba bango, ba kan soro, ba ko reshen tsamiyar da ke ƙofar gidansu. Ruwa ne kawai.

Ya ce, "Baba, nan ne?"

Tsoho ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya in ce ga ƙofar gidanku ba. Amma tuddan nan biyu ba su tashi ba, da su nake aunawa. Garin yana ƙarƙashinmu. Maƙabarta kuwa ta wajen nan take, ba ta fi jifa biyu ba."

Ya ɗauko igiya mai dutse a baki, ya miƙa wa Malam. Malam ya saki dutsen, igiya ta yi ta tafiya ta cikin hannunsa, yana ƙirgawa, gaba ɗaya, gaba biyu, har gaba goma, sa'an nan ta yi sako-sako. Ya riƙe ta haka, bai ce kome ba. Da ya jawo, sai ga 'yar laka ta manne a gindin dutsen. Ya kankare ta da yatsa, ya ƙulle a gefen hankicinsa.

Alhaji ya saki gefen jirgi ya ɗaga hannuwansa, sauran ma suka ɗaga. Ya yi addu'a ga mahaifiyar Malam, da iyayen tsoho, da dukan waɗanda ke kwance a wurin, aka shafa. Hawaye ya zubo wa Malam har gemu, bai kuwa share ba. Direba, mai bakin da ba ya hutawa, ya juya baya yana ta gyaran igiyar rigarsa, alhali ba abin da ya same ta.

Malam ya so a ɗan ƙara jimawa, amma tsoho ya ce, "A juyo." Suka duba gabas, sai ga gari ya haɗe baƙi ƙirin. Yaro ya ja inji, bai tashi ba. Ya sake ja, shiru. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ruwa ya soma marin gefen jirgi. A ja na huɗu inji ya kama. Tsoho bai nufi gida ba, ya sa aka yanke zuwa gaɓa mafi kusa, yana tsaye a goshin jirgi da gora a hannu, yana nuna dama, yana nuna hagu, suna kauce wa kututture. Igiyar ruwa ta riƙa faɗowa ciki, Alhaji da direba suna kwarfewa da ƙwarya. Ƙafarsu na taɓa ƙasa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka fake a rumfar waɗansu masunta har aka ɗauke.

Sai bayan magariba suka komo ƙauyen tsoho, ya ce ba mai tafiya cikin daren nan. Aka kawo musu tuwon shinkafa da miyar kifi, jikan ya kunna fitilar hannu ya jingina ta da bango. Alhaji ya tambaya ko an ɗauke wuta ne. Tsoho ya ce, "Ba a kawo ba tukuna, Alhaji. Muna dai jira."

Da gari ya waye suka yi sallama, suka sayi busasshen kifi na tsaraba, suka kama hanyar Kwantagora, direba yana ta mita wai ƙarnin kifi ba zai bar motarsa ba sai baɗi.

Da Malam ya isa gida, wata jikarsa 'yar aji huɗu ta tarye shi a zaure ta ce, "Kaka, ka ga gidan naku?" Ya ce, "Ɗauko mini sabuwar taswirar nan da fensir." Ta kawo. Ya sa tabarau, ya bi shuɗin tafkin da yatsa a hankali har ya kai wurin, ya ɗiga ɗan ɗigo, ya miƙa mata fensirin ya ce ta rubuta Bussa a gefensa.